Dundumin da Bai Ji Hanta Ba: Nazarin Lamarin Wani Ladan a Ƙasar Ringim

Ɗansa ne ya yi yawancin bayani a zuwan farko. Shi dattijon yana zaune a kan benci, ya kare fuskarsa da gefen hirami saboda hasken da ke shigowa ta taga. Shekarunsa 63, yana noma gero da riɗi, shi ne kuma ladanin masallacin unguwarsu a wani ƙauye na ƙasar Ringim. Zan kira shi Malam Ladan, don iyalinsa sun yarda in rubuta labarin ciwon amma ban da suna. Ni ma'aikacin jinya ne da aka tura kwas ɗin ido, ina duba masu ciwon ido sau biyu a mako a ƙaramin asibitinmu. Mutanen ƙauye likita suke ce mini, tun ina gyara musu har na bari.

Abin ya fara ne mako shida kafin su zo. In ya fito kiran assalatu sai ya yi karo da turmi, ko da turken akuya, abubuwan da suka shekara ashirin a inda suke. Da magariba ma haka. Gida suka yanke cewa dundumi ne, aka yi abin da aka saba: aka gasa masa hanta sau uku ya ci, aka ɗiga masa ruwanta a ido. Shiru.

Da ɗan ya gama, sai dattijon ya gyara murya ya ce, "Ɗana, ni ba duhun ne ya fi damuna ba. Walƙiya nake gani, ga shi kuwa damina ta wuce. Ko na rufe ido tana nan, kamar an zuba ruwa a faranti ana kaɗa shi cikin rana." Ya ƙara da cewa in ya fito daga zaure zuwa waje tsakar rana, hasken kan kashe masa ido, sai ya daɗe a tsaye kafin ya gane fuskar mutum.

Na rubuta wannan magana a katinsa kalma da kalma, amma ban ba ta nauyinta ba.

A allon gwajin gani idon dama ya karanta 6/12, wato sai daga mita 6 yake ganin abin da lafiyayyen ido ke gani daga mita 12, na hagu kuma 6/18. Leƙawa ta ƙaramin rami bai ƙara masa komai ba, wato ba matsalar tabarau ba ce. Ƙarfin ruwan ido 14 da 15, lafiya ƙalau. Akwai ɗan hazo na yana, irin wanda ba ya rasuwa a idon mai shekara sittin, amma bai isa ya hana shi gani ba. Farin idon bai bushe ba, babu kumfa-kumfar nan da ƙarancin bitamin A kan bari a gefen baƙin ido. Na haska cikin idon: kan jijiyar gani da kyau, ba zubar jini, ba tabo. Sukari daidai, hawan jini babu.

Sai na ba shi bitamin A, ƙwaya mai ƙarfin 200,000, ɗaya a ranar, ɗaya washegari, ta uku bayan mako biyu. Na ce ya dawo mu gani.

Ga inda na kauce. Dundumin ƙarancin bitamin A ciwon yara ne da masu juna biyu, ko mai ciwon hanta ko na hanji da ba ya riƙe abinci. Ba ya zuwa da walƙiya, ba ya sa tsoron haske irin wannan. Kuma mai irinsa da ya ci hanta sau uku da tuni ya ga canji, don irin wannan dundumi cikin kwana ɗaya zuwa biyu yake fara sakin mutum. Hantar da aka gasa a gida ta riga ta yi mini gwajin, ni ne ban karanta sakamakon ba. Dalili kuwa sabo ne, turken wawa. Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa a cikin 'yan Najeriya masu shekara 40 zuwa sama, kashi 4.2 cikin ɗari makafi ne, yanar ido ce ta jawo kashi 43 na makantar, hawan jinin ido kuma kusan kashi 17. Su nake gani kullum. Da na duba ban ga ko ɗaya ba, sai hannuna ya tafi ga abu na uku da na saba da shi.

Zuwa na biyu

Bai dawo ba sai bayan mako uku, ana ta fama da kakkaɓe riɗi. A tsakanin nan wani ya ba su shawarar su jira yanar ta nuna, wani kuma ya ce akwai mai kwasar yana na gargajiya da ke zagayawa kasuwanni. Allah ya sa ba su bi ko ɗaya ba.

Wannan karon dama 6/24, hagu 6/36. Cikin mako uku. Yana ba ta gudu haka, kuma dundumin gado, wanda kan bi zuri'a, tun ana saurayi yake farawa, ya yi shekaru yana cin ido a hankali, ya bar baƙaƙen ɗigo a cikin idon. Nasa ba ko ɗigo.

Na zauna gabansa, gwiwa da gwiwa, na ce ya kalli hancina, na riƙa kawo yatsa daga gefe. Can nesa a gefe ya gani. Da na matso da shi ciki sai ya ce ya ɓace. Da na kawo dab da fuskata ya sake gani. Sama, ƙasa, dama, hagu, duk haka, a ido biyun. Wato akwai zobe na makanta da ya kewaye tsakiyar ganinsa. Shi ya sa yake iya hango tsuntsu a kan kuka amma ya taka kwanon da ke gabansa. Da na ɗiga maganin buɗe ido na sake haskawa, sai na ga jijiyoyin jini na cikin idon sun sirance kamar zare. Ban da wannan, idon kamar ba abin da ya same shi.

Wani abu kuma: muryarsa ta dushe. Ɗan ya ce ai sati biyu ke nan wani ne ke kiran salla. Rigarsa ta yi masa yawa. Yana tari jefi-jefi, busasshe.

A zuwan farko na tambaye shi ko yana shan taba, a gaban ɗansa, ya ce a'a, ni ma na ji kunyar tambayar na wuce da sauri. Wannan karon uwargidansa ta biyo su. Da na tura ɗan ya karɓo kati, sai ta matso ta yi ƙasa da murya.

"Likita, kar ka ce ni na faɗa. Malam yana sha. Tun yana zuwa ci-rani Kurmi, kafin a haifi wannan yaron. A gona yake sha, ya tauna goro ya dawo."

"Inna, kamar kara nawa a rana?"

"Kwali ba ya kwana biyu."

Shi yana jin mu. Bai ɗago kai ba, ya ce, "Haka ne." Shekara arba'in da 'yan kai. Na sa hannu a ramin da ke saman ƙashin wuyansa na hagu, na ji kaluluwa mai tauri kamar ƙwallon magarya, ba ta zafi, ba ta motsi.

Na tura su babban asibiti mafi kusa a ɗauki hoton ƙirji a gwada majina, na kuma rubuta takarda zuwa ga wata likitar ido a birnin Kano. Hoton ya nuna inuwa a gindin huhun hagu. Na'urar gwajin majina ta GeneXpert ba ta ga ƙwayar tarin fuka ba, sau biyu. Duk da haka aka ɗora shi a kan maganin tarin fuka, bisa hujjar tari da rama da inuwa a hoto. Ban ga laifin wanda ya yi haka sosai ba, don a ƙasar nan mai tari da rama tarin fuka ake fara zarga, maganin kuma kyauta ne. Sai dai a cikin magunguna huɗun da ake haɗawa a wata biyun farko akwai itambutol, wanda an san yana iya lalata jijiyar gani. Mutumin da idonsa ke tafiya, aka ƙara masa wannan. Iyalin kuwa da suka ji an gano ciwo an ba da magani, sai suka ajiye takardar Kano a ƙarƙashin katifa. Mako biyu suka tafi a haka kafin na ji labari na je har gida na same su.

A Kano likitar ta tsayar da maganin tarin nan take. Ta ce ba itambutol ne ya fara ɓarnar ba, tunda ido ya riga shi lalacewa da wata biyu, kuma shi tsakiyar gani da bambance ja da kore yake ci, ba ya kawo walƙiya da zobe. Lokacin dama ta koma 6/60, hagu sai ƙirga yatsu. Aka sa shi a na'urar OCT, mai ɗauko hoton tantanin cikin ido a yanke, shimfiɗa bisa shimfiɗa. Shimfiɗun ciki suna nan lafiya. Ta can baya, inda ƙwayoyin karɓar haske suke, ita ce ta zaizaye, a zoben da ya kewaye tsakiya, daidai inda yatsana ya riƙa ɓace masa. Aka yanki kaluluwar wuyan aka kai gwaji. Bayan mako biyu sakamako ya fito: ciwon dajin huhu ne, irin mai ƙananan ƙwayoyi.

Ta kira ni a waya ta ce, "Malam, majinyacinka dajin bai taɓa idonsa ba. Jikinsa ne ke cin idon." Sannan ta ambaci wani suna da na taɓa ji sau ɗaya a aji na manta: rikobarin.

Abin da kalsiyam ke yi a cikin ido

Duk wanda ya taɓa fasa idon rago ranar layya ya ga wani siririn tantani mai kama da jiƙaƙƙiyar takarda da ke saɓulowa daga bangon ciki. Shi ne retina. Kaurinsa bai kai rabin milimita ba, amma ɓangare ne na ƙwaƙwalwa da ya leƙo waje. Ƙwayoyin jijiya iri biyar ne a jere a cikinsa. Can baya akwai masu karɓar haske. Su kan miƙa saƙo ga masu kai biyu, su kuma su miƙa ga gangiliyon, waɗanda jelarsu sama da miliyan ɗaya ke haɗuwa ta zama jijiyar gani. A tsakani akwai iri biyu masu aiki a kwance, masu shimfiɗe da kuma amakirin, suna daidaita saƙon tsakanin maƙwabta.

Masu karɓar hasken kashi biyu ne. Masu siffar sanda su ne na duhu, masu siffar mazurari na rana da launi. Wata ƙidaya da aka yi a idon ɗan Adam a 1990 ta ba da kimanin miliyan 92 na farkon da miliyan 4.6 na biyun. A tsakiyar gani sosai babu masu sanda ko ɗaya, sun fi cunkushewa a wani zobe da ya kewaye ta. Zoben Malam Ladan ke nan.

Yadda suke aiki ya saɓa wa abin da mutum zai zata. A cikin duhu ne ƙofofinsu suke a buɗe. Mai noman rani zai fi saurin ganewa. A ɗauka fangali ne, ruwa na shigowa ta ƙofa, a ɗaya gefen kuma injin yana zuƙe shi ba tsayawa. Muddin ƙofa na buɗe, ruwan zai tsaya a wani ma'auni. Ruwan nan shi ne kalsiyam, wannan dai sinadarin da ke ƙashi da nono. Idan haske ya faɗa kan rodofsin, wato launin da ake ginawa da bitamin A, sai ya tayar da wani aiki da ke rushe sinadarin cGMP, wanda shi ne ke tokare ƙofofin. Ƙofofi su rufe. Injin bai tsaya ba. Kalsiyam ya yi ƙasa, kusan ninki goma in hasken mai ƙarfi ne.

Wannan saukar kalsiyam ita ce labarin da ƙwayar ke ba kanta cewa gari ya waye, a rage ji. Ba don haka ba, da fitilar kwano ma ta isa ta rufe duk ƙofofin, ido ya cika, ya kasa bambance haske da wanda ya fi shi. To amma kalsiyam ba shi da baki. Dole sai da masu tsaye a bakin fangali suna duba ma'aunin ruwa, su ne furotin masu kama kalsiyam.

Dukkansu dangi ɗaya ne, alamar gidansu kuma wata lanƙwasa ce da ake kira hannun EF. Kretsinger ne ya bayyana siffarta a 1973, daga furotin farbalbumin na naman wani kifi. In ka miƙe manuniya da babban yatsa ka lanƙwashe na tsakiya, gurbin da ya rage shi ne mazaunin kalsiyam.

A cikin masu karɓar haske, biyu ne suka fi shafar zancenmu. Na farko GCAP: da ya ji kalsiyam ya ragu sai ya zaburar da mai ƙera cGMP, a sake tokare ƙofofi, ƙwaya ta shirya wa haske na gaba. Na biyu rikobarin. Shi ƙarami ne, nauyinsa 23 a ma'aunin nauyin furotin da ake kira kilodalton, yana da hannun EF huɗu amma biyu ne kawai ke kamu. Yana da wata 'yar jela ta kitse da yake ɓoyewa a cikin jikinsa kamar kan kunkuru. In ya kama kalsiyam sai jelar ta fito ta maƙale a bango, shi kuma ya riƙe wani furotin da aikinsa kashe rodofsin bayan ya kunnu. Saboda haka a duhu, da kalsiyam ya yi yawa, mai kashewar yana ɗaure, kowane ɗigon haske ya daɗe yana amo. Da rana kalsiyam ya sauka, rikobarin ya sake shi, ana kunnawa ana kashewa da sauri.

Sunan ma da labarinsa. Waɗanda suka tsamo shi daga idon shanu a 1991, Dizhoor da abokan aikinsa, sun ɗauka shi ne ke zaburar da mai ƙera cGMP, suka raɗa masa suna mai ma'anar mai farfaɗowa. Daga baya aka gano aikin na GCAP ne, amma suna ya riga ya bi shi. A shekarar dai Kawamura a Japan ya samo takwaransa a idon kwaɗo.

Sauran dangin suna shimfiɗun ciki, kuma yawancinsu ba masu kai labari ba ne, soso ne: su tsotse kalsiyam in ya yi yawa, su sake shi a hankali, don yawansa a cikin ƙwayar jijiya kisa ne. Kalbindin, wanda Wasserman da Taylor suka fara ganowa a hanjin 'yan tsaki a 1966, shi ne ya cika ƙwayoyin nan masu shimfiɗe a idon ɓera. Kalretinin kuwa daga retina ya samo sunansa, a 1987. Masu bincike suna son su ne don kowanne ya zaɓi ƙwayoyin da yake zama, har ya zama kamar zanen fuska da ake gane ɗan wane gari ne. Misali akwai wata amakirin da ake kira AII, wadda babbar hanyar saƙon masu sanda ta kanta take bi kafin ya fita daga ido. A idon biri da kalretinin ake gane ta, a na gafiyar ɗakin gwaji kuma da farbalbumin. Aiki ɗaya, zane daban. Wannan ya sa ba a ɗauko abin da aka gani a dabba ɗaya a ɗora wa wata kai tsaye.

Hoton OCT na Malam Ladan ya nuna duk waɗannan shimfiɗun na ciki suna nan. Masu ɗaukar saƙo suna tsaye, masu ba su saƙon ne ke mutuwa.

Yadda huhu ya ci ido

Rikobarin ɗan kulle ne. A jiki mai lafiya, ban da retina da wata 'yar tsoka a tsakiyar ƙwaƙwalwa, kusan ba a samunsa a ko'ina, kuma akwai shinge tsakanin jini da retina, don haka garkuwar jiki ba ta saba da fuskarsa ba. Ƙwayoyin daji kuwa sun rikice, sukan ƙera furotin da ba nasu ba. Wannan nau'in dajin huhu, da yake asalinsa na da dangantaka da ƙwayoyin jijiya, wani lokaci yakan ƙera rikobarin. Garkuwar jiki ta gan shi a huhu, ta ɗauke shi baƙo, ta haɗa masa makamai. Makaman su bi jini, su tsallake shingen, su tarar da mai irin fuskar zaune a gidansa a cikin ido. Gwaje-gwaje sun nuna suna shiga cikin ƙwayar, kalsiyam ya hau ya ƙi sauka, ƙwayar ta kashe kanta. Walƙiyar da yake gani ba haske ba ne, ƙwayoyi ne ke aika saƙon ƙarya suna kan mutuwa.

A 1976 Sawyer da abokan aikinsa a Amurka suka fara ba da rahoton mutum uku masu ciwon daji da suka makance alhali dajin bai kai idonsu ba. A 1987 Thirkill ya nuna jinin irin waɗannan majinyata yana kama wani furotin na retina mai nauyin 23, a 1991 kuma Polans ya nuna furotin ɗin mai kama kalsiyam ne na ƙwayoyin karɓar haske, wato rikobarin. Ba shi kaɗai ake kai wa hari ba, akwai wasu kamar inoles mai nauyin 46, amma na rikobarin ya fi sauri da muni. Abin da ya fi shafar mai aiki a karkara shi ne, a kusan rabin masu wannan ciwo ido ne ke fara kuka kafin a san akwai daji.

Likitar ta ba da shawarar a tura jininsa waje ta hanyar wani ɗakin gwaji mai zaman kansa. Ta gaya musu gaskiya cewa sakamakon ba zai canza magani sosai ba. Babban ɗan ya ce a yi, yana so ya san abin da ya ci idon mahaifinsa, don a ƙauye an fara cewa jifa ne, har ana nuna wani da suka taɓa rigimar iyakar gona. Suka kai sa ɗaya Gujungu. Bayan mako uku takarda ta dawo: akwai makaman garkuwa a kan rikobarin. Ɗan ya ɗauki takardar ya kai wa mai unguwa, na bi shi na yi bayani gwargwadon iyawata. Ban ce kowa ya gamsu ba, amma zancen jifa ya lafa. A ganina ko don wannan kuɗin san bai tafi a banza ba.

Magani da abin da ya biyo baya

An ɗora shi a kan firednisolon, miligiram 60 a rana, ana ragewa a hankali, don a kwantar da garkuwar. Ni ke duba sukarinsa da ƙarfin ruwan idonsa kowane mako, saboda maganin kan tayar da su biyun. Cikin kwana goma walƙiyar ta ragu ƙwarai, ya ce ya fara samun barci. Idon dama ya ɗaga daga 6/60 zuwa 6/36, ya tsaya nan wajen wata biyu. Na hagu bai motsa ba. Ƙwayar retina in ta mutu ba ta tsirowa, abin da ake ceto shi ne wadda ta jikkata ba ta ƙarasa ba.

Don dajin kuma aka fara ƙarin ruwan kabofilatin da itofosaid, duk bayan mako uku. Irin wannan daji yakan ji magani da farko, sannan ya dawo. Haka aka yi. Kaluluwar ta narke, tarin ya yi sauƙi, muryar dai ba ta dawo ba. Zagaye uku ya samu. Na huɗu kuɗi ya yanke, shi ma ya ce ya gaji da hanya.

Abin da ya fi yi masa amfani a watannin nan bai kai kuɗin mota zuwa Kano ba: baƙin tabarau na kasuwa da malafa don rana, tocila mai ƙarfi don dare, da igiyar rama da jikokinsa suka ɗaura daga ƙofar ɗakinsa zuwa ƙofar gida, daga nan zuwa katangar masallaci. Aka kawar da turmi da turke daga hanya. Da ita yake zuwa salloli biyar ba mai ja masa sanda, abin da ya ce ya fi tsoro tun farko.

Na ƙirga makonnin. Shida a gida ana gasa hanta. Uku a hannuna ana shan bitamin. Ɗaya wajen hoto, biyu a kan maganin tarin fuka, biyu jiran sakamakon tsoka. Goma sha huɗu ke nan, an bar jaki ana dukan taiki. Ba zan ce da na gane a ranar farko da ya warke daga dajin ba, don irin wannan daji yawanci ya riga ya bazu kafin a gan shi. Amma ranar farko yana karanta 6/12, kuma da a wannan matakin aka fara firednisolon, akwai ƙwayoyi da yawa da za a tarar da ransu. Uku daga cikin makonnin nan nawa ne. Abin da ya kamata in yi bai buƙaci na'ura ba: in saurari zancen walƙiyar, in gwada gefen ganinsa da yatsa, in fitar da ɗansa waje kafin in yi tambayar taba, in taɓa wuyansa.

Ganin dama ya sake faɗuwa da bazara, ya koma ƙirga yatsu, sannan motsin hannu. Ya rasu damina ta yi tsakiya, wata tara bayan zuwansa na farko. Allah ya jiƙansa.

Bayan sadakar arba'in ƙaramin ɗansa, mai shekara talatin da ɗoriya, ya zo asibiti ya jira har na sallami kowa.

"Likita, wai abin nan na Baba gado ne? Jiya na ga kamar wuta-wuta da na tashi daga tsugune."

Na gwada shi. Dama 6/6, hagu 6/6, gefen gani cikakke, cikin ido tas. Na ce masa ba gado ba ne, wuta-wutar da ya gani ta tashi da sauri ce cikin zafi. Ya yi ajiyar zuciya ya miƙe zai tafi, sai na ga shatar kwali a aljihun gaban rigarsa. Ya ga inda nake kallo, ya ɗora hannu a kai.

"Ai ni kara uku ne kawai a rana."

Na jawo masa benci na ce ya zauna, na tashi na tura ƙofa.